Guduma da Gashin Shaho

A fadamun Wurno da Goronyo, lokacin dashen albasa ko haƙar tafarnuwa, hanya biyu ake bi wajen biyan mutum haƙƙin guminsa. Ko a ɗauke shi yini, ya kama da hantsi ya tashi da azahar, a ba shi kuɗin ranarsa. Ko kuma a yi jinga, a nuna masa fangali kaza a yanke kuɗi, in ya ga dama ya gama kafin rana ta take, in ya ga dama ya kai almuru. Mai yini lokacinsa ya sayar. Mai jinga kuwa, ba ruwan mai gona da lokacinsa, ba ruwansa da ciwon ƙugunsa. Abin da ya tashi daga nan ya koma can, shi kaɗai ake dubawa. Duka biyun aiki muke ce musu, kamar yadda muke cewa aikin gwamnati, aikin hajji, aikin gayya, aikin alheri, har da aikin banza, kuma kalmar ba ta taɓa yi mana kaɗan ba.

Masana fiziks ma aiki suke cewa, sai dai tasu jingar ta fi ta kowane mai gona tsauri. A wurinsu abu biyu ake riɓanyawa: ƙarfin da ka sa, da nisan da kayan ya gusa ta fuskar da ƙarfin ya nufa. Ɗan dako a kasuwar Achida ya ciccibi buhu mai kilo 50 ya aza a ka, a ce ya ɗaga shi mita ɗaya da rabi. Za su rubuta masa jul 735, don jul ne mudun da suke awo da shi. Ya bi shimfiɗaɗɗen fili da buhun nan har bakin mota, wuya na sagewa, gumi na tsiyaya. Me za su ƙara masa? Sifili. Kansa sama yake tokare buhun, tafiyar kuwa gaba ake yi, buhun bai ƙara ko taƙi ɗaya na tsawo ba. Duk ɗalibin da ya taɓa yin dako, ranar da malami ya faɗi wannan magana a aji sai ya ji kamar da shi ake. Ban ga laifinsa ba. Amma masanan ba cewa suka yi bai wahala ba. Tsokar jikinsa tana ɗaurewa tana saki ba hutu, furar da ya sha tana ƙonewa, tana fita ta fatarsa ta zama zafi. Sun rubuta wannan, a wani shafi dabam. Shafin da suke kira aiki, abin da buhun ya samu kaɗai ake sawa a cikinsa.

Tsaurin nan yana da asali, kuma asalin ba zai baƙunci mutumin Rima ba, domin ɗebo ruwa daga rami ne. A Ingila ta ƙarni na 18 ruwa yakan cika ramukan haƙar kwal da kuza, sai an kwashe shi dare da rana. Da James Watt ya tashi tallan injinsa mai tururi, dole ya gaya wa mai saye dawakai nawa injin zai maye masa. Ya yanke awon doki ɗaya, wanda in aka juya shi zuwa namu awon yake nufin ɗaga kimanin kilo 76 tsawon mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Dokin nan ne har yau ake bugawa a jikin injin ban-ruwa, a ce mai doki 5 ko 6. A 1829 Gaspard Coriolis, injiniya a Faransa, ya kafa kalmar aiki da wannan ma'ana a littafinsa kan lissafin amfanin injuna. Mai saye da mai sayarwa ne suka haifi ma'anar, shi ya sa ba tausayi a cikinta. Amma rashin tausayin ne ya sa ake iya ɗaukarta a kai ta ko'ina, a auna doki da ita, a auna gulbi, a auna abin da ke faruwa a inda ba doki ba gulbi.

Kafin injin mai fetur ya cika fadamun nan, musamman tun daga shirye-shiryen Fadama na farkon shekarun 1990, jigo ne ke shayar da lambu a gaɓar Rima da ta gulbin Sakkwato wanda ya bi ta Rabah. A kafa gwafa biyu, a gitta itace, a ɗaura doguwar sanda a kai. Gabanta igiya da guga, bayanta curin laka busasshe. Mu masu sha'awar adabi mun ari sunan muka ce jigon waƙa, 'yan siyasa suka ce wane jigo ne a jam'iyya, da yawanmu ba mu taɓa jan na gaskiyar ba. Wanda ya ja shi ya san cewa wahalar tana wurin saukar da guga, ba wurin ɗago shi ba. Mai lambu yakan rataya da jikinsa ya ja igiya ƙasa, gugan da ba kome a cikinsa ya nutse, curin laka ya haye sama. Guga ya cika, ya sassauta hannu, curin ya sauko, ruwa ya taso kusan da kansa. Jigo bai rage masa ko jul ɗaya ba. Lita 10 ta ruwa daga zurfin mita 3 jul 294 ce, da jigo ko ba jigo. Abin da jigo ya yi shi ne ya bar shi ya biya ta hanyar da jiki ya fi so, wato ja ƙasa, maimakon sunkuyo da ɗagowa.

A ɗan tsakanin nan da curin yake tsaye a sama, ina aikin mai lambu yake? Ya riga ya fita daga hannunsa, bai kuma kai ga ruwan ba tukuna. Yana ajiye a tsawon da curin ya hau. Masu labarai a rediyo makamashi suke kiran wannan abu da ake ajiyewa, amma makamashi a kunnen Bahaushe itace ne da kara da gawayi, abin hura wuta, curin laka kuwa ba ya cin wuta. Na fi son kuzari. Abin da ke bisa yana da kuzarin tsawo, abin da ke tafiya yana da kuzarin gudu. Faɗuwa ba kome ba ce illa na farko yana zubewa cikin na biyu: tsawo na raguwa, gudu na ƙaruwa, in ka haɗa su a kowane taƙi na hanyar jimlar ba ta motsa.

An daɗe ana gardama kan yadda za a auna kuzarin gudu. A 1722 wani malami a Leiden ta ƙasar Holan, Willem 's Gravesande, ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla daga tsawo dabam-dabam suna faɗawa kan yumɓu mai taushi, yana auna ramin da suka yi. Ya tarar ƙwallon da ya iso da ninki biyu na gudu, ninki huɗu yake loɓa yumɓun. Mai ninki uku, tara. Émilie du Châtelet ta Faransa ta kare wannan sakamako a littafinta na 1740. Direban da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Goronyo da ya san wannan lissafi, da ya gane cewa gudun 120 ba ninki biyu na hatsarin gudun 60 ba ne, ninki huɗu ne.

To bayan ƙwallon ya tsaya cik a cikin yumɓu fa? Tsawo ya ƙare, gudu ya ƙare. James Joule, ɗan gidan masu kamfanin giya a Salford kusa da Manchester, shi ya bi sawun abin a shekarun 1840. Ya ɗaura nauyaya a igiya, suna sauka suna juya wani maburgi a cikin tukunyar ruwa, ya sa ma'aunin zafi mai tsananin kaifi. Ruwan ya ɗumama, kuma ɗumin ya yi daidai da nauyin da ya sauka da tsawon da ya sauko, kowane gwaji. Daga sunansa aka samo jul ɗin da muka auna wa ɗan dako. Lissafin ya nuna sai ruwa ya faɗo kimanin mita 427 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, shi ya sa ba mai sa hannu a ƙarƙashin indararo ya ji wani ɗumi.

Mafi girman curin laka a ƙasar Sakkwato shi ne madatsar ruwa ta Goronyo. An gama gininta a 1984, bango ne na ƙasa mai tsawon mita 21 da dogon zango na kilomita 12.5, yana tare ruwan da Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagere suka tara wa Rima, sama da kubik mita miliyan 900 in ta cika. Ba wanda ya ja igiya ya ɗaga wannan ruwa. Rana ce ta ɗebo shi daga tekun Atlantika, iskar damina ta kawo shi, ya zuba a tudun Katsina da Zamfara. In muka ƙaddara cewa a tsakaice ruwan zai sauko mita 10, kuzarin da ke kwance a bayan bangon ya kai wajen yunit miliyan 25 na wutar lantarki, irin yunit ɗin da mitar gida ke cinyewa. In an sake shi a hankali, sai ya bi magudanai ya shiga shinkafa da albasa, ya kai famfunan birnin Sakkwato. A farkon Satumbar 2010, bayan ruwan sama mai yawan gaske, ya sauko gaba ɗaya. Ya ci gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno da garuruwan da ke ƙasa da su, ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A littafin masana, ko jul ɗaya bai ɓace ba a wannan ambaliya: wani ya karya katanga, wani ya kwashi yashi, ragowar ya zama ɗumin da bai kai a ji shi ba. A nan ne nake ganin ya kamata malami ya yi hattara da bakinsa. In ya ce wa yaro kuzari ba ya ɓacewa, yaron da aka yi asarar rumbunsu zai ɗauka ana nufin za a iya dawo da shi. Ba haka ba ne. Lissafi ya cika, amma ɗumin da ya watsu cikin laka ba ya sake taruwa ya ɗaga guga.

Duk misalan nan akwai lamba guda a cikinsu da muka yi ta amfani da ita ba mu kira sunanta ba: 9.8. Ita ce ƙarfin da duniya ke jan kowane kilo da shi, ita ce kuma gudun da abu mai faɗuwa ke ƙarawa, mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Takardun jarrabawa sukan ce a ɗauke ta 10 don sauƙi, yaro ya taso yana ganinta kamar yatsun hannu, abin da ba ya sauyawa. Ba wanda zai raba masa abin da yake na doka da abin da yake na wuri sai an fitar da shi daga wurin. Wata ne ke yin wannan aiki.

Wata ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Daga fadar Sarkin Musulmi ake jiran sanarwar ganinsa kafin miliyoyin mutane su ɗauki azumi ko su ajiye. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi ribaɗi a Wurno ya rasu a can a 1837, mai duban sama ne. Hugh Clapperton, Baturen da ya ziyarce shi a 1824, ya rubuta cewa da ya nuna masa taswirar taurari, Bello ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci; a zuwansa na biyu ya kawo masa littafin lissafin Iƙlidis cikin Larabci, ya kuma same shi zaune yana nazarinsa. Wannan duka kallon wata ne daga nan ƙasa, a matsayin ma'aunin kwanaki. Tsayawa a kansa a saki abu a ga yadda zai faɗi, sai shekara 134 bayan rasuwar Bello aka samu wanda ya je ya yi.

Ranar 2 ga Agusta 1971, David Scott, jagoran tafiyar Apollo 15 ta Amurka, ya tsaya gaban kyamarar talabijin a filin Hadley, a ƙarshen fitarsu ta uku shi da James Irwin. A hannun dama gudumar fasa duwatsu, kilo 1.32; a hagu gashin shaho, giram 30 kamar yadda rahoton tafiyar ya nuna, don kumbon da ya sauke su sunan tsuntsun aka sa masa. Ya ambaci Galileo, wanda ya rubuta a 1638 cewa in ba don iska ba da kome tare zai faɗi. Ya sake su daga tsawon kimanin mita 1.6. Suka sauko kafaɗa da kafaɗa, a natse, suka taɓa ƙura lokaci guda.

Lambar wata 1.62 ce, wajen kashi ɗaya cikin shida na tamu. Faɗuwar da a Wurno za ta ɗauki 'yar sama da rabin daƙiƙa, can ta ɗauki daƙiƙa ɗaya da digo huɗu. Gudumar da za ta iso ƙasa da gudun mita 5.6 a daƙiƙa, can da 2.3 ta iso. Aikin da hannun Scott ya yi wajen ɗaga ta bai wuce jul 3.4 ba, a nan kuwa da jul 20.7 ne. Ƙimar ta sauya duka. Abin da bai sauya ba shi ne jul 3.4 ɗin da ya zuba, su ne daidai gudumar ta sauko da su, su ne suka shige cikin ƙura.

Me ya sa suka iso tare? Gudumar ta fi gashin jiki sau 44, saboda haka ta fi shi kuzarin tsawo sau 44. Amma jikin da za a tura ya yi gudu shi ma sau 44 ne. Yawan jiki yana ɓangarorin lissafin biyu, sai ya soke kansa, a bar tsawo da jan wuri kaɗai su yanke gudun. Wannan ne ya sa ba na jin daɗin wata kalma da ta zama ruwan dare a labaran kimiyya, maganaɗisun ƙasa. Maganaɗisu mai zaɓe ne, yakan ɗauki allura ya bar zare. Da jan wata irin nasa ne, ai da ba a ga gashi da guduma sun jera ba. Wannan ja ba ya tambayar da me aka yi ka.

Sai nauyi. Kalma ce da muka ɗora wa kaya da yawa: nauyin iyali, jin nauyin suruki, nauyin baki, nauyin barci. A duk waɗannan muna jin nauyi abu ne da ke tsakanin mutum da wani, ba a cikin mutum shi kaɗai ba; ba ka jin nauyin surukin da ba naka ba. Amma da an zo kan buhu sai mu ɗauka nauyin a cikin buhun yake zaune. A nan ma tsakani yake, tsakanin buhun da duniyar da ke ƙarƙashinsa. Kai buhun Achida wata, ka rataya shi a sikeli mai siferin, allura za ta tsaya kusa da 8 maimakon 50. Ɗora shi a ma'auni mai faranti biyu da duwatsun awo, zai ce maka 50, domin duwatsun ma sun yi sauƙi daidai da shi. Ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta ragu ba. Ɗan dako zai ɗaga shi da jul 122 a maimakon 735, ya yi murna. Amma in aka wurgo masa shi daga kan mota da gudu ya tare da ƙirji, duk kilo 50 ɗin zai ji, don tsayar da abu mai gudu da yawan jikinsa ake yi, ba da nauyinsa ba. 'Yan sama-jannatin Apollo sun sha tuntuɓe saboda wannan: jiki da kayan baya sun yi sauƙin ɗauka, amma tsayawa da juyawa suna nan da wahalarsu.

Jigo a can zai daidaita kamar yadda yake a bakin Rima, tun da curi da guga tare suka rage nauyi, sai dai lilonsa zai yi sanyi wajen sau biyu da rabi. Matsalar ruwan ce: inda ba iska ba ya zama a guga, tafasa yake yi yana daskarewa. Injin ban-ruwa kuwa ko ɗigo ba zai zuƙo ba, domin abin da muke kira zuƙa nauyin iska ne ke danna ruwan rijiya ya hau tiyo. Shi ya sa ko a nan injin da ke bakin rijiya ba ya iya jawo ruwan da ya zarce zurfin mita 10, a aikace ma 7 ko 8, kuma manomin fadama ya san haka ba tare da an karanta masa ba: in ruwa ya ja baya da bazara sai ya haƙa rami ya saukar da injin.

Iskar nan ita ce ta ɓoye mana dokar tun fil azal. Ita ke tare gashi ta bar guduma. Ita ke riƙe ƙurar hunturu da ta taso daga kwarin Bodele a Cadi, ta yi kwanaki tana rataye a kan Rabah har rana ta koma kamar faranti. A hoton bidiyon da aka ɗauka a Afrilun 1972, lokacin Apollo 16, John Young yana tuƙa 'yar motarsu, ƙura tana tashi daga tayoyi ta yi baka ta zube nan take, ba hazo ba gajimare. Kowace ƙwayar ƙura jifa ce mai zaman kanta. A Disamba na shekarar, Eugene Cernan da Harrison Schmitt na Apollo 17 sun tsaya gindin wani ƙaton dutse da ya gangaro daga kan tsauni ya tsage, ga sawun gangarowarsa a jikin tudun yana nan, bayan miliyoyin shekaru. Ba damina da za ta share.

Sanyin faɗuwar nan yana da yaudara. Gaskiya ne wanda ya faɗo daga tsawon bangon Goronyo, mita 21, a duniya zai iso da gudun kilomita 73 a awa, a wata kuwa da 30, kamar wanda ya diro daga mita uku da rabi, wato kan soro. Amma ninka tsawon wajen sau shida, mita 127, ka dawo inda kake. In tsawon ya yi nisa sosai kuma, wata ya fi duniya mugunta. A duniya iska takan tsayar da gudun mutum mai faɗuwa a wajen kilomita 200 a awa, kome tsawon da ya fito, kuma in yana da laimar sauka ta karɓe kusan duka. A wata ba mai karɓa. Faɗuwar kilomita ɗaya ta isa ta haye 200 ɗin nan, kuma gudun ƙaruwa zai yi ta yi. Duk kumbon da zai sauka lafiya sai ya biya kowane jul da mai, yana hura wuta ƙasa har ƙafarsa ta taɓa. A ƙarshen Afrilun 2023 kumbon Hakuto-R na kamfanin ispace na Japan ya zo sauka. Ya wuce ta kan bakin wani babban rami, awon tsawo ya yi tsalle farat ɗaya, kwamfutarsa ta ɗauka ma'aunin ne ya lalace ta daina sauraronsa. Ta ƙaddara an iso ƙasa alhali saura wajen kilomita 5. Kumbon ya yi ta sauka a hankali yana laluben ƙasar da ba ta nan har mai ya ƙare. Ɗalibin sakandare a Goronyo zai iya ƙarasa labarin da biro: 2 sau 1.62 sau 5,000, a ɗauki tushensa, mita 127 a daƙiƙa, wajen kilomita 460 a awa, bayan faɗuwar minti ɗaya da daƙiƙa 19. Da masu shirya jarrabawarmu za su riƙa sa tambaya ɗaya tak mai 1.6 a gurbin 10, da sun koyar da abin da babi guda bai koyar ba.

Hausawa sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. A wata maganar ta fi zama gaskiya fiye da inda aka yi ta, don can jifa yana dawowa da duk abin da ya tafi da shi. Dutsen da yaro zai cilla sama mita 10 a Wurno, can mita 60 zai hau, ya dawo hannunsa da gudun da ya bar shi, ba ragi. Harsashin da aka harba sama a nan iska takan cinye mafi yawan kuzarinsa kafin ya dawo, duk da haka yana kisa. A can, wanda ya fita da gudun mita 700 a daƙiƙa zai hau sama da kilomita 150, ya yi wajen minti 15, ya sauko da 700 ɗinsa cif.

Sai dai karin maganar yana da iyaka, lissafin kuzarin ne kuma ya nuna ta. Ja yana raguwa in ana nisa, saboda haka aikin da ake bukata a rabu da wuri gaba ɗaya yana da adadi, ba mara ƙarshe ba ne. A duniya sai jifa ya kai gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa. A wata 2.4 ya isa. Hannu ba ya kai wa nan, bindiga ma haka, amma in ƙaton dutse daga sarari ya daki wata, ɓarɓashin da ya fantsama yakan kai. Wasu daga cikin ɓarɓashin nan sun yi ta yawo har duniya ta jawo su, an tsince su a hamadar Libiya da Oman da ƙanƙarar Antatika, aka gwada su da duwatsun da Apollo ya kawo aka gane asalinsu. Mu ma mun samu rabonmu, ko da yake ba daga wata ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai kimanin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa a Zagami, lardin Katsina, ya nutse wajen ƙafa biyu a ƙasa. Bincike ya nuna daga duniyar Mirrihu aka fizgo shi, inda gudun kuɓucewa kilomita 5 ne a daƙiƙa. Ya shigo iskarmu da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ba, iskar ta karɓe kusan duka ta mai da shi wuta da ƙara, ɗan abin da ya rage ne ya haƙa ramin ƙafa biyun.